Husufi a Kwarin Elki

Don gangara aka gina hanyar nan,
yadda ruwa ke saukowa daga duwatsun Andes zuwa gonakin inabi.
Mutum ya miƙa waya, a zubo masa
ƙwallo, labarai, farashin taki.
Ba wanda ya yi tanadin ranar da kogi zai juya
ya ce shi tudu zai hau.

Ni ce Eliana Tapia, wata huɗu ina lissafi.
Hasumiyar sadarwa uku gare mu a Bikunya,
sun ishi masu inabi da masu awaki har da ragowa.
Sai aka ce ran Talata wata zai tare rana,
duniya kuma ta ji labari.

Muka jawo hasumiya biyu a kan tirela,
Nibaldo na tuƙi yana zagin ramuka.
Ɗaya muka kafa bayan makaranta,
ɗaya a filin Don Heriberto,
wanda ya ce ba ya son kuɗin haya,
kada dai janareta ya firgita masa akuya mai ciki.

Daren jajibere na zauna gaban allo
na sake rabon hanya.
Da, kashi huɗu na sauka, ɗaya na hawa.
Na gutsura daga mai yawa na ƙara wa maras shi,
kamar uwa mai yanka burodi
ta san ɗan da zai dawo da yunwa.

Tun asuba motoci suka toshe gada.
Da azahar zaren da ke allona ya fara miƙewa,
kore, ruwan ɗorawa,
shayina ya huce ban taɓa ba.

Sai zaren ya faɗi.
Ƙasa warwas.
Na ce shi ke nan, wani abu ya ƙone.
Ina laluben waya Nibaldo ya buga ƙofar motar:
fito, Eliana, bar allon nan, fito.

Sanyi ne ya fara tarbata.
Awaki sun kama hanyar garke da kansu,
karnuka sun rasa wanda za su yi wa haushi.
A sama, baƙin rami da farin gashi kewaye da shi.
Mutum dubu arba'in a kwari ɗaya,
minti biyu cur
ba wanda ya aika wa kowa komai.

Da gefen rana ya leƙo
na ruga ciki da gudu.
Hannu dubu arba'in sun tuna da aljihu lokaci guda,
kowa na tura hoto ɗaya,
ɗigon fari a cikin duhu, rabinsu ma sun girgiza,
zuwa Santiyago, zuwa Osaka, zuwa ga kaka a gadon asibiti.
Ta bayan makaranta ta durƙusa.
Na kwashe mata kaya na aza wa ta filin awaki,
na ce wa masu sabunta manhaja su jira gobe,
na bar siririn layi fayau don motar jinya,
ko da wani zai faɗi.
Ja. Ja. Ja.
Sannan, a hankali, ruwan ɗorawa.

Magariba ta gaskiya ta yi
Don Heriberto ya zo da waya mai tsagaggen gilashi.
'Yarsa na aiki a Antofagasta, ya ce, abin ya ƙi tafiya.
Muka tsaya mu biyu muna kallon da'ira tana juyi,
sittin da ɗaya, sittin da ɗaya, tamanin,
ya tafi.

Ba a jima ba muryarta ta dawo:
Baba, awaki kawai nake gani, ina ranar?

Ya goge gilashin da hannun riga.
Rana, ya ce, kowa ma ya aiko miki.
Duba mai cikin nan, ita ce a gaba.